Na'urar Ji: Kowace da Kayanta

Wanda zai sayi kayan canji na na'urar taimaka wa ji, to, ya lura. Batiran da ake canzawa iri huɗu ne, kowane da lambarsa da launinsa: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. A duba lambar tsohon kafin a sayi sabo. Iska ke tayar da batirin, saboda haka in an ɓare takardarsa, a dakata minti ɗaya kafin a sa. Matatar dauɗar kunne kuwa, ba lalle ta Oticon ta zauna a Phonak ba. Robar baki, in ba ta dace ba, takan zame ta maƙale a kunne. In haka ta auku, sai asibiti, kada a sa tsinke.