KAFIN RAGON SUNA, A TANADI KUƊIN ASIBITI

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa, malamin asibiti, ya gabatar ga matasan 'yan'uwa a wani zaman karatu a cikin birnin Zariya, a kan yadda magidanci zai ƙiyasta abin da haihuwar iyalinsa za ta ci a asibiti.

Bayan godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Allah (S) da iyalan gidansa tsarkaka, Malamin ya fara da cewa akasarin waɗanda ke zaune a gabansa ko dai sababbin angwaye ne ko kuma masu shirin zama, kuma ya san kowannensu zai iya faɗin kuɗin sadaki da na lefe da na rago ba tare da ya duba takarda ba. Amma da za a tambaye su nawa ake kashewa daga ranar da mace ta fara zuwa awo har ranar da aka sallamo ta da jaririnta, ƙalilan ne za su amsa. Ya ce wannan gafala ce, kuma gafalar da take cin rai.

Ya tunatar da 'yan'uwa cewa Allah (T) ya ɗora ciyarwa da tufatar da mai jego a kan uban ɗa a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, sannan a Suratuɗ Ɗalaƙ ya yi umurni da a ciyar da mai ciki har ta sauka, ko da an sake ta, kowa gwargwadon ƙarfinsa. To idan haka lamarin yake ga wadda aka saki, ina ga wadda ke ɗakinka? Ya ce yanka ragon suna sunna ce, babu mai musu, amma kare ran matarka wajibi ne, kuma ba a gabatar da sunna a kan wajibi.

Daga nan Malamin ya juya ga tarihin garin nan. Ya ce tsakanin 1976 da 1979 wani likita, Farfesa Kelsey Harrison, da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 da aka yi a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, a lokacin yana Tudun Wada, aka buga sakamakon a 1985. Abin da suka gano shi ne, mafi yawan matan da suka rasu ba su taɓa zuwa awo ba, sai da naƙuda ta yi tsawo ko jini ya ɓalle sannan aka ɗauko su rai a hannun Allah. Waɗanda suka riƙa zuwa awo kuwa, mutuwa a cikinsu kaɗan ce ƙwarai.

Ya ci gaba da cewa bayan nan ne tattalin arziki ya taɓarɓare, gwamnatin soja ta Babangida ta shigo da tsarin SAP a 1986 bisa shawarar Bankin Duniya da hukumar lamuni ta IMF, aka ɗora wa majinyata kuɗin magani da na aiki. Likitocin wannan asibiti da kansu suka rubuta a 1990 cewa tsakanin 1983 da 1988 haihuwa a asibitin ta ragu da kusan rabi, mutuwar mata kuma ta ƙaru da fiye da rabi. Ya ce kun ga yadda ake zama a Amurka a rattaba hannu a takarda, a zo a binne mace a Zariya. Kuma har a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka mutu a dalilin ciki da haihuwa a faɗin duniya 'yan Nijeriya ne, a ƙasar da shugabannin Afirka suka taru a babban birninta a 2001 suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi.

Amma fa, in ji shi, sanin azzalumi ba ya ɗauke wa mutum nauyin da ke kansa. Ranar da naƙuda ta zo da ƙarfe biyun dare, ba gwamnati za a tasa daga barci ba, kai za a tasa. Don haka ya ce kowane ɗan'uwa ya sami littafi ya rubuta lissafi kashi huɗu.

Kashi na farko shi ne awo. A nan akwai kuɗin kati, gwajin jini da na fitsari, hoton ciki, maganin ƙarin jini, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, da kuɗin motar kowane zuwa. Ya ce tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, saboda haka a ninka kuɗin mota sau takwas. A wajen awon ne ake gane hawan jini kafin ya zama jijjiga, ake gane kwanciyar jariri, ake kuma sanin rukunin jininta.

Kashi na biyu shi ne haihuwar kanta idan ta zo da sauƙi. Ya ce kowane asibiti yana da jerin kayan da yake nema, kamar safar hannu, auduga, ledar shimfiɗa, sabulu, maganin kashe ƙwayoyin cuta da kayan jariri, ban da kuɗin karɓar haihuwa da na gado. Ya gargaɗi 'yan'uwa da kada su dogara da abin da wani aboki ya kashe bara, domin tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashi ba ya kwana inda ya wuni. Ɗan'uwa ya taka da ƙafarsa ya je inda matarsa take awo, ya nemi jerin a rubuce, sannan ya sake tambaya a wata na bakwai.

Kashi na uku, wanda ya ce shi ne zuciyar maganar, shi ne kuɗin gaggawa. Duk mai ciki, ko ta haihu biyar lafiya a baya, tana iya buƙatar a yi mata aiki a ciro jariri, ko a ƙara mata jini, ko a kwantar da jaririn idan ya zo bakwaini ko shawara ta kama shi. Kuɗin aiki ya ninka na haihuwar sauƙi sau da yawa. Don haka tun ranar awon farko a tambaya: idan abin ya kai ga aiki, nan ake yi ko turawa ake yi? Idan turawa ake, ina? Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ko na Wusasa, ko kuwa asibitin koyarwa da ya koma Shika a 2005? Kuma nawa ake ajiyewa kafin a shiga da ita? Ya ƙara da cewa a watan Nuwamba na 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin ciro jariri kyauta ga mata marasa ƙarfi, kuma Jihar Kaduna tana da hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA. Ya ce wannan haƙƙinku ne, daga dukiyarku ne, ku je ku tambaya ko asibitinku yana ciki, ku yi rajista da wuri. Amma kada sanarwar rediyo ta hana ku ajiye naku.

Kashi na huɗu shi ne hanya. Ya ce kowa ya san lungunan cikin ganuwa, akwai gidajen da mota ba ta isa ƙofarsu. Mutumin Kwarbai ko Ƙofar Kona ya san tun yanzu wane mai mota ko mai Keke Napep zai buga wa cikin dare, da nawa zai kai shi Ƙofar Gayan, da nawa zai kai shi Shika, wadda sai an wuce Samaru. Doguwar naƙuda ita ce babbar sanadin yoyon fitsari, kuma sau da yawa neman mota da neman rance ne ke tsawaita ta.

Game da yadda za a tara kuɗin, Malamin ya ce idan an gane ciki a wata na biyu, saura wata bakwai, wato kwana 210. Wanda ya riƙa ajiye N500 kullum zai tashi da N105,000, mai ajiye N1,000 kuma N210,000. Kowa ya raba jimillar lissafinsa gida 210 ya ga abin da ya hau kansa a kullum. Kuma a ajiye kuɗin inda hannu zai kai gare shi da dare, matar ma ta san inda yake.

Ya kuma ja hankali a kan abu biyu da ba sa cin ko kwabo. Na farko, izini. Ya ce akwai matan da ke zama cikin ciwo suna jiran mai gida ya dawo daga kasuwa ko daga tafiya ya ce a tafi. Ɗan'uwa ya ba da izininsa tun yau a gaban mahaifiyarsa da maƙwabcinsa, cewa da zarar an ga jini, ko ciwon kai mai tsanani, ko kumburin fuska, ko jariri ya daina motsi, a wuce asibiti ko yana nan ko ba ya nan, ya kuma faɗi wanda zai sa hannu a madadinsa. Na biyu, jini. Kowane ɗan'uwa ya je a gwada rukunin jininsa, a rubuta sunaye a kowace unguwa, ta yadda idan aka nemi leda biyu ba za a tsaya cigiya ba. Ya ce matasan da suke shirye su ba da jininsu a tafarkin Allah, bai kamata su ji tsoron allura ba idan matar ɗan'uwansu ce a kwance.

Da wani ya tambaya ko wannan tanadi bai ci karo da tawakkali ba, sai ya amsa da cewa Annabi Yusuf (AS) ya tanadi hatsin shekara bakwai saboda shekaru bakwai na fari, kuma babu wanda ya fi Annabawa tawakkali. Idan Allah ya kawo haihuwar da sauƙi, kuɗin gaggawa yana nan, sai a sayi ragon da shi a yi godiya.

A ƙarshe ya nemi 'yan'uwan kowace unguwa su kafa asusun taimakon juna na haihuwa kafin zama na gaba, su naɗa amintattu biyu su riƙe shi. Sannan ya yi addu'ar Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan gwiwa, ya raya zuriyarmu a kan Musulunci.