Darasin Waƙa da Motsa Jiki ga Yara Ƙanana: Jawabi ga Iyaye da Malamai



Maganar yau a kan wani darasi take wanda mutane da yawa ba su ɗauke shi darasi ba, watau waƙa da tafi da motsa jiki a ajin yara 'yan shekara 3 zuwa 5. Uba yakan leƙa makaranta ya tarar da ɗansa cikin da'ira yana tsalle yana tafi, sai ransa ya ɓaci, don shi karatu ya kawo yaro ya yi. Wani ma tsoronsa kada yaron ya tashi maroƙi. Lalle ne a kawar da wannan zato, gama a wannan shekaru, abin da uban ya gani shi ne karatun.

Tun cikin 1977, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, aka rubuta cewa wasa shi ne babbar hanyar koyar da yara kafin firamare, aka kuma ambaci zane da kiɗa cikin abubuwan da za su buɗe musu basira. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 kuma ta haɗa da renon yara ƙanana.

To, mene ne amfanin darasin? Na farko, yana gyara kunne. Hausa harshe ne na hawa da saukar murya, da ja da taƙaita wasali. Murya ce ta raba kukan jariri da kukar miya. Jan wasali ne ya raba garin tuwo da garin da ake zama. Yaron da ya saba yanka waƙa gaɓa gaɓa da tafi, ba zai sha wuya ba ranar da aka ce ya haɗa baƙi da wasali.

Na biyu, ƙidaya. Taku uku gaba, tafi biyu, a juya dama: lissafi ke nan ya shiga ta ƙafa da hannu tun kafin a riƙa alli.

Na uku, lafiyar jiki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro mai shekara 3 ko 4 ya sami aƙalla minti 180 na motsi kowace rana, 60 daga ciki na gudu da tsalle sosai, kallon talabijin ko waya kuwa kada ya wuce awa ɗaya. Yaran birni da ke kulle a gida su suka fi bukatar wannan.

Na huɗu, tarbiyya. Wanda ya koyi tsayawa cik sa'ad da ganga ta yi shiru, ya kuma jira har layi ya zo kansa, ya fara koyon mallakar kai.

Masana na waje sun daɗe da gane haka. Emile Jaques-Dalcroze, malamin kiɗa a birnin Janeba, ya lura ɗalibansa sun san ƙa'ida amma ba sa jin kiɗa a jikinsu, sai ya sa su taka shi da ƙafa. Carl Orff na Jamus ya gina hanyarsa a kan magana da tafi da ganga. Amma abin da suka tsara a littafi, 'yan mata sun daɗe suna yinsa a dandali da sunan gaɗa: ga mai bayarwa, ga 'yan amshi, ga tafi, ga jiran layi. Saboda haka malama ba sai ta yi aro daga nesa ba.

Kayan aiki ma ba na kuɗi ba ne. Ƙwarya a kife ganga ce. Gwangwani da tsakuwa caki ne. Minti 15 zuwa 20 sun isa. A fara da waƙar gaisuwa mai kiran sunan kowane yaro, a bi da tafiya da tsalle bisa bugun ƙwarya, a yi waƙar kwaikwayon aiki kamar daka ko shuka, sa'an nan a rufe da mai sanyi, kowa ya zauna. A share fili, a nemi inuwa, a ajiye ruwan sha. A tace waƙoƙi, ban da zambo, ban da batsa. Kada a ware kowa: kurma ya ɗora hannu a kan ganga ya ji bugunta, makaho ya ba da waƙa, gurgu ya riƙe caki.

Iyaye kuma, in yaro ya dawo gida yana rera abin da ya koya, kada a kwaɓe shi. A saurara, a amsa masa. Kaka ta koya masa waƙar da ta yi tana yarinya, ya kai wa malama gobe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.