Baƙi da lahiyar gari: awon lahiyar ƴan gudun hijira

Maza da mata, ƴan makarantar yaƙi da jahilci na birni da ƙauye, ku matso kusa da rediyo. Zancenmu na yau a kan baƙi ne, da lahiyarsu, da lahiyar garin da ya sauke su.

Su wa ke zowa?

Baƙi iri biyu muke nuhi. Na farko su ne ƴan gudun hijira, waɗanda tashin hankali ya raba da gidajensu. A shekarar 2012 mutanen Mali suka shigo jihohin Tilaberi da Tawa. Daga 2013 mutanen Barno suka yi ta ƙetare Komadugu zuwa jihar Difa, har aka buɗe masu sansani a Sayam. A 2019 kuma mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga. Kahin ƙarshen wannan shekara sun hi mutum 40,000, mahi yawansu mata da yara. Talakawan ƙauyukan bakin iyaka ne suka fara sauke su cikin gidajensu. Daga baya aka maida waɗansu Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka.

Na biyu su ne matahiya: masu ratsa ƙasarmu ta Agadas, da ɗiyanmu ƴan ci-rani masu komowa daga Libiya, Aljeriya, Abijan ko Ikko.

Me ke kawo cuta a kan hanya?

Ku riƙe wannan da kyau: ba baƙunci ke kawo cuta ba, wahalar hanya ce. Wanda ya gudu cikin dare ba ya tsayawa ɗaukar karnen lamba na yara. Ba ya ɗaukar sange. A hanya ruwan tabki yake sha. Yunwa ta rage mashi ƙarhin jini. In ya iso, mutum goma su kwana ɗaki guda. Rijiyar da ke shayar da gida hamsin ta koma shayar da gida ɗari. Salanga ba ta isa, mutane su riƙa zagayawa bayan gari. Nan ne cuta ke samun ƙofa.

Kuma cuta ba ta san ɗan gari da baƙo ba. Sau da yawa baƙo lahiya lau yake isowa, a garinmu yake kamuwa. Don haka ake awon lahiya tun ranar isowa. Awon nan kariya ne ga baƙo, kariya ne ga mai masauki.

Yaya ake awon?

Ma'aikatan likita na gwamnati ke yin shi, tare da hukumar HCR mai kula da ƴan gudun hijira da sauran ƙungiyoyin agaji. Ga yadda yake tahiya.

Na ɗaya, tambaya. Daga ina ka hito? Kwana nawa ka yi bisa hanya? Akwai mai zawo, ko tari, ko ƙuraje cikin iyalinka? Akwai maganin da kake sha kullum?

Na biyu, dubawa. Ana auna zahin jiki. Ana duba ido, da baki, da fata.

Na uku, awon dantsen yara, daga ɗan wata 6 zuwa ɗan shekara 5. Ana ɗaura wani ɗan zare mai launi uku. Tsanwa, yaro na lahiya. Ɗorawa, a kula da shi. Ja, tamowa ta yi tsanani, sai a sa shi cikin magani ranar nan.

Na huɗu, awon jini ga mai zahin jiki. Ɗigo guda ake ɗauka a ɗan yatsa. Cikin minti 15 zuwa 20 a san ko masassarar cizon sauro ce.

Na biyar, lamba, wato allurar rigakahi, da ɗigon shan inna ga yara.

Na shida, mata masu ciki. Ana rubuta sunansu, a tura su awon ciki.

Wanda aka samu da cuta mai yaɗuwa, ana keɓe shi wuri guda har ya warke. Keɓewa ba kaso ba ce. Ana ba shi magani da abinci, kuma yaro ƙarami uwarsa na zama tare da shi.

Ƙyanda

Ita ce wadda waɗansu ke ce ma baƙon dauro. Ita likitoci suka hi tsoro inda mutane suka taru, don ta iska take bi. In yaro guda ya kamu, cikin yara 10 da ke kusa da shi waɗanda ba su da lamba, 9 za su kamu. Tana farawa da zahin jiki, da majina, da tari, da jan ido. Yaro na iya ba waɗansu cutar kwana 4 kahin ƙuraje su hito. Ke nan in kun jira ganin ƙuraje, kun makara.

A zaman lahiya ana yi ma yaro lambar ƙyanda yana da wata 9, a sake ta biyu cikin shekararsa ta biyu. Amma inda ƴan gudun hijira suka sauka, ana yi ma yara duka, daga ɗan wata 6 har zuwa ɗan shekara 15, a ba ƙananan bitamin A. In masu lamba sun zo, ku hito da naku yaran su ma. Kada ku ce ta baƙi ce.

Dattawa, ku duba dantsenku. Tambarin lambar agana yana nan. Saboda wannan lamba aka kashe agana a duniya baki ɗaya, aka yi shelar ƙarewarta a 1980. Abin da ya yi maku anfani jiya, kada ku hana ma jikokinku yau.

Zawo da amai

Kwalara ta ruwa take bi, da abinci, da hannu marar tsabta. Zawonta kamar ruwan wankin shinkafa yake. Tana iya kashe babban mutum cikin yini guda, don tana tsotse ruwan jiki. A damanar 2018 ta ɓulla Madarunfa, ta bazu cikin jihar Maraɗi, ta kama mutum hiye da 3,000.

In zawo ya kama mutum, ku fara ba shi ruwa tun daga gida. In kuna da ƙunshin gishirin zawo na likita, ku zuba guda cikin litir guda na ruwa mai tsabta. In babu, ga yadda za ku haɗa: ruwa litir 1 wanda aka tafasa ya huce, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ku riƙa ba shi kaɗan kaɗan, kuna bisa hanyar zuwa gidan likita. Jinjiri kuma a ci gaba da ba shi nono.

Shawara

Akwai wata shawara mai kama hanta, ita ma ta gurɓataccen ruwa take bi. Ido ya yi ɗorawa, hitsari ya yi ja, jiki ya mutu. A watan Afrilu na 2017 hukuma ta ba da sanarwar ɓullarta a jihar Difa, inda masu gudun hijira suka yi yawa. Mahi yawan waɗanda suka rasu mata ne masu ciki. Saboda haka mace mai ciki in idonta ya canza launi, a kai ta gidan likita ranar nan. Kada a tsaya jiƙo da saƙe-saƙi.

Maganin waɗannan cututtuka biyu guda ne: ruwa mai tsabta, da salanga, da sabuni. Masu aikin agaji suna da ƙa'ida. Kowane mutum ya samu ruwa litir 15 a yini, ko hiye. Kada mutum ya wuce 20 bisa salanga guda. Tsakanin salanga da rijiya kuma a bar metir 30.

Tarin huka

Shi ba ya gaggawa, sannu sannu yake cin huhu. Alamunsa: tari da ya wuce sati 2, zuhwa cikin dare, rama, wani lokaci jini cikin kaki. Yana yaɗuwa inda mutane ke kwana a cushe, ɗaki ba taga. Ƴan ci-ranin da suka zauna gidan haya su da yawa, ko aka tsare su wuri guda kahin a maido su, su kula ƙwarai.

Kaki ake aunawa. Awon da magani duka kyauta ne. Wata 6 ake shan magani, kullum, ba fashi. Bayan ƴan satuttuka mutum zai ji sauƙi, amma cutar ba ta mutu ba. Wanda ya bari a tsakiya, tarin zai komo da ƙarhi, har ya ƙi jin maganin farko.

Ga wata magana ta musamman ga matahiya. In kana cikin shan magani tahiya ta kama ka, je ka gaya ma likita. Zai ba ka takarda da guzurin magani. In ka isa, kai takardar gidan likitan can, su ɗora daga inda ka tsaya. Haka ma mai shan maganin sida, ko na hawan jini, ko na ciwon sukari. Awon sida kuwa sai da yardar mutum ake yin shi, kuma asiri ne tsakaninsa da likita.

Sanƙarau

Lokacinsa daga hunturu zuwa bazara, sa'ad da iska ta bushe, ƙura ta yi yawa. Zahin jiki mai tsanani, ciwon kai, amai, wuya ya sandare. Jinjiri kuma maɗigarsa ke kumbura, ya ƙi nono. Sanƙarau ba ya jira, cikin kwana guda ko biyu yana iya kisa. A 2015 ya kama mutum wajen 8,500 a Nijar, hiye da 500 suka rasu. Yana da lamba, yana da magani. Abin da ake so, a kai marar lahiya da wuri.

Masassarar cizon sauro

Baƙon da ya iso ba sange, shi sauro ke fara ci. Ɗanmu da ya daɗe a hamada ko ƙasar da ba sauro, jininsa ya manta da cutar, in ta kama shi tana kayar da shi ƙwarai. A ba yara da mata masu ciki sange kahin kowa. Da damana ma'aikata na bi gida gida kowane wata, suna ba yara maganin rigakahi, daga ɗan wata 3 zuwa ɗan shekara 5. Ku nuna masu yaran baƙi, a ƙidaya da su.

Kada tsoro ya sa a ɓoye

Waɗansu baƙi na ɓoye marar lahiya. Suna tsoron kada a kore su. Ku kwantar masu da hankali. Ƙasarmu ta sa hannu bisa yarjejeniyar Janeba ta 1951 da ta ƙasashen Afirka ta 1969. Dukansu sun hana a maida ɗan gudun hijira inda ake neman ransa. Likita ba jandarma ba ne, aikinsa magani. Ɗan gudun hijira na shiga gidan likitan da ɗan gari ke shiga. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, awon ciki ma kyauta.

Mu ma ƴan gari mu kiyaye bakinmu. In muka riƙa cewa su suka kawo muna cuta, za su ɓuya. In suka ɓuya, cutar ta yaɗu a ɓoye, ta shigo gidajenmu. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Aikin mai masauki

In baƙi sun sauka gidanka, gaya ma mai gari, shi kuma ya gaya ma likita. Kai su awo cikin kwanakin farko, ko da ba wanda ke ciwo. Ruwan sha a sa mashi ƙwayar tsabtace ruwa ko a tafasa shi, a ruhe randa, a ajiye moɗa guda ta ɗiba. A wanke hannu da sabuni bayan an hito salanga, da kahin cin abinci. In ba sabuni, toka ta hi babu. Kashin yara a zuba shi cikin salanga. Mai tari ya kwana inda iska ke shiga. In kuka ga mutum biyu ko uku sun kamu da ciwo iri guda cikin sati guda, ku aika gidan likita, kada ku kwana.

Ku da kuka koyi karatu kuna da babban aiki. Ku karanta ma maƙwabta karnen lamba, ku tuna masu ranar komawa. Ku rubuta sunayen yaran baƙi da shekarunsu, ku ba masu lamba in sun zo. Wannan ɗan rubutu naku na iya tsirar da rai.

Tambayoyi don tattaunawa

Bayan shiri, ku zauna da malaminku ku amsa waɗannan:

1. Me ya sa ake auna baƙo ko da ba ya ciwo?
2. Cokali nawa na sukari, nawa na gishiri ake sawa cikin litir guda?
3. Wata nawa ake shan maganin tarin huka? Me matahiyi zai nema wurin likita kahin ya tashi?
4. A garinku, rijiya nawa ce, salanga nawa? In baƙi 100 suka sauka gobe, me za ku fara yi?

Ku rubuto muna amsoshinku da hannunku, za mu karanta su cikin shiri mai zuwa. Rigakahi ya hi magani. Sai wani sati, mu kwana lahiya.