Zaɓen Ƙamus Domin Binciken Asalin Kalmomin Hausa



Kalmar "ƙamus" kanta baƙuwa ce. Hausa ta aro ta daga Larabci, Larabci kuwa ya samo ta daga kalmar Girkanci mai nufin teku. Abin da ya mayar da ita sunan littafin kalmomi shi ne shaharar Alƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi. Wannan misali ya isa ya nuna cewa kowace kalma tana da tarihi, kuma ba kowane ƙamus ne yake ba da shi ba.

Ƙamus na ma'ana daban, na asali daban. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, aikinsa bayyana ma'ana da Hausa. Mai neman tushe kuwa, wajibi ne ya fara da ƙamusun Bargery na 1934, domin shi ya tattara tsofaffin kalmomi da bambancin karin Kano da Katsina da Sakkwato, ya kuma sa alama a kan kalmomi da yawa da aka aro daga Larabci. Na Abraham, wanda ya fito a 1949, ya fi ƙarfi wajen nahawu da misalai. Sai dai duka biyun ba don binciken tushe aka yi su ba.

A nan ne ɗalibi yakan yi tuntuɓe. Da ya ga "littafi" da "alƙalami" sun fito daga Larabci, sai ya ga "mutu" ta yi kama da "mata" ta Larabci, "suna" kuma da "ism", sai ya yanke hukunci cewa Hausa 'yar Larabci ce. Alhali kuwa biyun farko aro ne, biyun ƙarshe gado ne. Hausa tana cikin harsunan Cadi, su kuma reshe ne na babban iyalin da ya haɗa Larabci da Ibrananci da Berbanci da tsohon harshen Masar. Wato dangantakar ta 'yan'uwantaka ce, ba ta uwa da 'ya ba.

Ko aron ma, hanyarsa ba ɗaya ba ce. Greenberg ya nuna a 1960 cewa kalmomi irin su "karatu" da "kasuwa", duk da tushensu na Larabci, ta bakin Barebari suka shigo. "Takobi" daga Azbinawa take, "agogo" daga Yarbawa. Ƙamusun da ya tsaya ga faɗin "Larabci" kawai ya ɓoye rabin labarin, domin hanyar da kalma ta biyo ita ce shaidar ciniki da malanta da suka gudana tsakanin al'ummu.

Saboda haka mai bincike yana bukatar littafi na kwatance. Akwai ƙamusun kwatance na Neil Skinner na 1996, wanda ya jera kalmomin Hausa da takwarorinsu na wasu harsuna, da kuma aikin Jungraithmayr da Ibriszimow na 1994 a kan tushen kalmomin Cadi. Su ma a karanta su da lura, domin kama da wane ba ta wane.

A taƙaice, kafin a amince da ƙamus a tambaye shi abu uku: shin ya raba aro da gado, ya faɗi hanyar da kalma ta biyo, ya kuma kawo hujjar sauyin sauti? Wanda ya kasa waɗannan, a nemi ma'ana a cikinsa, amma kada a kafa tarihin al'umma a kansa.