Da tsohuwar zuma ake magani: jawabi bisa tsoffin kayan girki



Yau zancenmu bisa kayan girki ne, waɗanda munka gada ga iyaye da kakanni: akushi, turmi, tasa, kwanon sha, ƙwarya mai zane da tukunyar ƙasa. Akwai ƴan kasuwa masu bin ƙauyuka suna neman waɗannan kaya. Su ba mace bokitin roba, su ɗauke akushin kakarta. In sun kai birni, su saida ma baƙi da tsada. Roba ta fashe cikin ɗan lokaci, akushi kuwa ya tafi ke nan. Don haka kada ku saida abu sai kun san shi.

Yaya ake gane tsohon abu?

Na ɗaya, kayan icce. Akushi da icce guda ake sassaƙa shi, kamar danya. Turmi mai ƙarko sau da yawa na ƙirya ne. Ku shafa cikin akushi da hannu. Tsoho yana da santsi inda hannu da cokali sunka daɗe suna gogawa. Gindinsa ya cinye don zama bisa ƙasa. In ya tsage anka ɗaure shi da waya, wannan ba aibi ba ne, shaidar shekaru ce. Wasu suna turara sabon akushi da hayaƙi don a ce tsoho ne. Ku goga masa farin ƙyalle mai laima: baƙin zai fita.

Na biyu, tasa. Ku nemi maganaɗisu. Ba ya kama tagulla, ba ya kama jan ƙarfe. In ya manne, to baƙin ƙarfe ne anka shafe.

Na uku, kwanonin fenti na jeren ɗaki. Nan karatunku zai yi muku rana. Ku kife kwano, ku karanta hatimin da ke gindinsa. In kun ga an rubuta CZECHOSLOVAKIA, an ƙera shi kafin 1993, domin a wannan shekara ƙasar ta rabu biyu.

Yaya ake sanin kuɗinsa? Abu ukku ke sa daraja: shekarunsa, lafiyarsa, da tarihinsa. Ku tambayi tsofaffi wa ya sassaƙa shi, daga wane gari ya zo, a auren wa anka kawo shi. Ku rubuta cikin kaye, ku ajiye. Kada ku kankare tasa da yashi, kada ku shafa ma akushi fenti, daraja ke raguwa. Kada ku sallama ga mai saye na farko. Ku ji ta bakin mutum biyu ko ukku.

Mai neman irin waɗannan kaya shi duba rumbu, ƙarƙashin gado da ɗakin tsohuwa. Tukwane kuwa har yanzu ana gina su a Mirriya, kusa da Damagaram. Wanda ya je Yamai shi shiga gidan kayan tarihi na ƙasa, wanda anka buɗe a 1959, shi ga yadda ake adana kayan gargajiya.

Ga gargaɗi. Tukunyar da anka tono cikin ƙasa ba ta sayarwa ba ce. A Bura, yankin Tera, an gano tsoffin tukwane a 1975. Daga baya masu tono sun kwashe da yawa zuwa ƙasashen waje. Dokar 1997 ta kare irin wannan dukiya. Wanda ya tarar da ita wajen noma ko gina rijiya shi faɗa ma mai gari, shi kuma shi sanar da hukuma.

Ƴan uwa, in kun koma gida, kowa shi duba abin da ke ɗakinsa, shi rubuta sunansa da na mai shi na farko. Ku kawo mu karanta tare a darasi mai zuwa.

Allah shi ba mu lafiya da damana mai albarka.