Jawabi a Wurin Yaye Malaman Gona Masu Kiwon Zanzaro

Shugaban taro, ranka ya daɗe. Sarakunan noma, malamai, da iyayen da suka taso tun daga Kawo da Unguwar Dosa zuwa nan Mando, assalamu alaikum.

Duk wanda ya tashi a ɗakin ƙasa ya taɓa ganin zanzaro ya ɗauko tsutsa ya cusa a gidansa na laka don 'ya'yansa su ci. A kan wannan hali aka gina sana'ar da ɗalibanmu suka koya, sai dai nasu zanzaron da kyar ya fi ƙwayar gero girma. Masana na kiransa Habrobracon hebetor. Macen ce ke harbin tsutsa ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta.

'Yan'uwanmu na Maradi sun riga mu. Tun 2006 masu bincike na cibiyar INRAN, da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suke tura wannan ƙwaro kan murzuna, wato tsutsar da ke sassaƙe zangarniyar gero. Kayan aikin ba su da yawa: ɗan buhun algarara, gero da garinsa, tsutsar da aka kiwata a kai, sai matan zanzaro biyu. A rataye shi a ƙauye daidai lokacin da gero ke fitar da kai, sababbin zanzaro su bi ta ƙofofin saƙar su bazu cikin gonaki. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, gonar talakan da bai sayi buhu ba ma tana amfana.

Mu a Kaduna masara ce rufin asirinmu, kuma tun da baƙuwar tsutsar nan mai cin masara ta shigo Najeriya a 2016 manomi bai huta da goya tankin feshi ba. Ita ma tana da nata maƙiyi, wani zanzaro mai suna Telenomus remus, mai saka ƙwansa cikin ƙwanta.

To, 'ya'yana, amanar da muke danƙa muku mai rai ce. Ba a jibge zanzaro a sito kamar taki. Idan kuka yi sakaci da shi a zafin bazara, damina za ta same ku hannu rabbana. Ku zauna da manoma ku fahimtar da su cewa feshin da ba a auna ba yana kashe shi tare da tsutsar.

Shugaban taro, ina roƙon a taimaka wa kowannensu da ɗaki mai inuwa da buhun gero na fara kiwo kafin ruwan fari. Allah ya yi muku albarka, ya ba mu damina mai harshen damo.