Sa Wa Kwamfuta Ƙwaƙwalwa Da Fankarta

Yau za mu ji yadda uwargida za ta sa wa kwamfutar tebur ƙwaƙwalwarta, wato firosesa, ba sai an shigo da mai gyara cikin gida ba.

Da farko ki zare wayar wuta, ki taɓa ƙarfen akwatin don lantarkin jikinki ya fita, musamman da hunturu. Ki ɗaga ɗan hannun da ke gefen mazaunin firosesa. Tana da alama mai kusurwa uku a lungu ɗaya. Ki daidaita ta da irinta a mazaunin, ki ajiye a hankali. Kada ki danna! In siraran ƙafafun nan suka lanƙwashe, to kuɗi sun tafi.

Ki mayar da hannun. In fankar ba ta zo da man ɗauke zafi ba, ki ɗiga kamar ƙwayar wake a tsakiyar firosesa. In akwai leda a ƙasan fankar ki ɓare, ki ɗora, ki ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan. Sai ki jona wayarta inda aka rubuta CPU_FAN, in ba haka ba zafi zai riƙa kashe kwamfutar.

Allah ya ba da sa'a, sai wani makon.